Tsofaffin waƙoƙin yara na Ingila: daga ina darasin da ke cikinsu ya fito?

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin makarantar nazare da hantsi, a Kano ne ko a Kaduna ko a Jos, ya san sautin. Yara 'yan shekara uku zuwa huɗu sun ɗaga murya suna rera waƙar ƙaramin tauraro, ko ta baƙar tunkiya mai buhu uku na ulu. Idan sun koma gida ma su suke ji a waya, domin tashoshin YouTube irin su Cocomelon, mai masu bibiya fiye da miliyan 100, sun ɗauko da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi sun yi musu sabuwar riga.

A 'yan shekarun nan magana ta yi yawa a kansu. Ana yaɗa gajerun bidiyo a Facebook da TikTok cewa waƙa kaza labarin annoba ce, waƙa kaza kuma labarin cinikin bayi ce aka ɓoye a bakin yara. A watan Maris na 2021 kamfanin da ke riƙe da littattafan marubucin yara Dr. Seuss a Amurka ya daina buga guda shida saboda hotunan da ke wulaƙanta wasu jinsunan mutane. A Fabrairun 2023 aka yi ta ce-ce-ku-ce a Birtaniya bayan kamfanin ɗab'i na Puffin ya sauya kalmomi a littattafan marubucin yara Roald Dahl. Waɗannan biyun ba waƙoƙin reno ba ne, amma ƙurar da suka tayar ta sauka a kan duk wani tsohon littafin yara. A gefe guda kuma masu sayar da sababbin bugu na tsofaffin littattafan suna tallata su a matsayin taskar tarbiyya mai taushi. Uwa ko malamin da ya ji duka ɓangarorin dole ya tambaya: tarbiyya ce a ciki ko guba?

Abu uku ne a ƙarƙashin suna ɗaya

Sunan da Turawan Ingila suke kiran waɗannan waƙoƙi da shi, wato *nursery rhymes*, ya samo asali daga ɗakin reno, wato ɗakin da gidajen masu hali suke warewa yara da mai renonsu. Amurkawa sun fi kiransu waƙoƙin Mother Goose, wato Uwa Dinya, wata tsohuwa ta almara da ake jingina wa tatsuniya. Sunan ya shahara ne daga littafin tatsuniyoyin Charles Perrault da ya fito a Faransa a 1697, daga baya masu ɗab'i na Landan suka aro shi suka liƙa wa waƙoƙi.

Ruɗanin yana farawa ne daga haɗa abu uku a kwano ɗaya. Akwai waƙoƙin baka da ba a san mai su ba, waɗanda suka daɗe suna yawo kafin a rubuta su. Akwai waƙoƙin da wani marubuci sananne ya zauna ya tsara domin ya koya wa yaro hali. Sannan akwai hoton da mai zane ya ɗora a kan kowanne daga cikinsu shekaru da dama bayan haka. Littafin da ake kira tsohon littafin waƙoƙin yara mai hotuna yakan ƙunshi duka ukun, kuma kowanne da tarihinsa da niyyarsa.

Daga baki zuwa takarda

Tarin da ya fi tsufa a cikin waɗanda suka tsira shi ne *Tommy Thumb's Pretty Song Book*, wanda wata mai ɗab'i, Mary Cooper, ta fitar a Landan a 1744. Ɗan ƙaramin littafi ne da bai cika tafin hannu ba, da waƙoƙi kusan arba'in, ana buga shafi da jan tawada shafi da baƙa. Waƙar baƙar tunkiya tana ciki, haka ta gadar Landan da ke rushewa, da ta ɓeran da ya hau agogo. A wannan shekarar kuma John Newbery ya fitar da *A Little Pretty Pocket-Book*, yana haɗa shi da ƙwallo ga yaro namiji, da matashin tsira allura ga yarinya. Daga nan littafin yara ya zama haja mai kasuwarta.

A 1842 James Orchard Halliwell ya tattara waƙoƙin da idon mai bincike, kusan irin aikin da Frank Edgar ya yi wa tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913. Aikin da har yau ake komawa gare shi shi ne ƙamus ɗin Iona Opie da mijinta Peter, wanda Oxford ta buga a 1951, mai waƙoƙi fiye da 500, kowace an bi sawunta zuwa bugun farko da aka samu. Abin da suka gano shi ne mafi yawan waƙoƙin ba don yara aka yi su ba tun asali. Wasu guntayen waƙoƙin manya ne, wasu kiran 'yan talla ne a titi, wasu kacici-kacici, wasu daga mashaya suka fito. Masu reno ne suka riƙa rera abin da ya zo bakinsu don yaro ya yi shiru, yara kuma suka riƙe abin da ya yi musu daɗi a kunne.

Wannan ne ya sa idan aka cire hoto aka karanta kalmomin zalla, darasi ba ya cika bayyana. Matar manomi ta sa wuƙa ta guntule wutsiyar makafin ɓeraye uku. Reshe ya karye, jariri ya faɗo da shimfiɗarsa. Tsohuwar da ke zaune cikin takalmi ta rasa yadda za ta yi da tarin 'ya'yanta, ta ba su romo ba burodi, ta zane su ta kai su barci. Wani dattijo ya ƙi yin addu'a, aka kama ƙafarsa aka jefo shi daga bene. Mai sauraron tatsuniya ba zai yi mamakin wannan ba, domin Dodo ma yana haɗiye mutane, Gizo kuma yana cin amana ya kwana lafiya. Adabin baka ba ya tace abin da yake ba yaro kamar yadda littafin makaranta yake yi.

Waɗanda aka rubuta don su koyar

Rukuni na biyu ne yake da darasi a fili, kuma marubutansa sun yi shi da niyya. Isaac Watts, malamin coci, ya fitar da waƙoƙinsa na yara a 1715, ciki har da wadda take kwatanta yaro mai himma da kudan zuma, tana gargaɗi cewa Shaiɗan yana samo wa hannun da ba ya aiki abin yi. Yaran Ingila sun haddace ta har tsawon fiye da ƙarni guda, shi ya sa da marubuci Lewis Carroll ya juya ta ya mayar da kudan zuman kada a 1865, kowane mai karatu ya gane abin da ya taɓa.

Waƙar ƙaramin tauraro ta Jane Taylor ce, ta fito a 1806 cikin littafin da suka rubuta da yayarta Ann. Baiti biyar gare ta, amma na farko kaɗai ake rerawa a yawancin makarantu. A sauran baitocin ne ma'anar take: matafiyi cikin duhu yana gode wa tauraron, domin ba don ɗan haskensa ba da bai ga hanya ba. Karin da ake rera ta da shi na wata waƙar Faransa ne ta ƙarni na 18, kuma shi ne dai karin waƙar haruffan ABC.

Haka waƙar Mary da ɗan ragonta, wadda Sarah Josepha Hale ta buga a Boston a 1830. Abin da yara suka sani shi ne ɗan rago ya bi yarinya makaranta. A ƙarshen waƙar 'yan ajin sun tambayi abin da ya sa ɗan ragon yake son Mary haka, aka amsa musu cewa don ita ma tana son sa, kuma duk dabbar da aka kyautata wa za ta amsa kira. Darasin tausayin dabba ne kai tsaye. Waƙar ta yi farin jinin da har ita Thomas Edison ya karanta a 1877 lokacin da yake gwada na'urarsa ta naɗar murya. Wani abin lura shi ne waƙoƙin da suka fi darasi su ne aka fi datse wa wutsiya, har darasin ya faɗi a hanya.

Abin da masu zane suka ƙara

Taushin da mutane suke tunawa idan an ambaci waɗannan littattafai, yawancinsa daga hoto ya zo, kuma hoton yana da lokacinsa da dalilinsa. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 abubuwa biyu suka haɗu a Ingila. Dokar ilimi ta 1870 ta faɗaɗa makarantun firamare, masu iya karatu suka ƙaru. Sannan wani gwanin ɗab'i mai suna Edmund Evans ya ƙware wajen buga hoto mai launi da allunan katako, ana sassaƙa allo daban ga kowane launi, a buga ɗaya bisa ɗaya har hoton ya cika. Da wannan dabara littafi mai kyan gani ya sauko zuwa sisi ko sule ɗaya. Evans ya jawo masu zane uku da sunansu ya zauna a tarihin wannan fanni.

Walter Crane ya ɗauki shafi kamar bangon da za a yi wa ado, da layi mai kauri da launi shimfiɗaɗɗe, yana koyi da zanen Japan. Littafinsa *The Baby's Opera* na 1877 ya haɗa waƙa da hoto da alamomin kiɗa.

Randolph Caldecott ya fara a 1878, yana fitar da littafi biyu kowace Kirsimeti har suka kai 16, kafin rasuwarsa a 1886. Shi ne ya nuna cewa hoto zai iya faɗin abin da kalma ba ta faɗa ba. Akwai wata waƙar shirme da ta ƙare da cewa faranti ya gudu da cokali, iyakar abin da ta ce ke nan. Caldecott ya zana su a matsayin saurayi da budurwa da suka tsere, a hoto na ƙarshe kuma ga faranti a ƙasa ya tarwatse, sauran kwanuka suna kuka, ga wuƙa da cokali mai yatsu, wato uba da uwa, sun tasa 'yarsu gaba fuska a murtuke. Labari ne cikakke na gudun gida da abin da ya biyo baya, kuma ko kalma ɗaya daga cikinsa babu a waƙar. Lambar yabon da ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka take bai wa littafin yara mafi kyan zane tun 1938 sunansa take ɗauke da shi.

Kate Greenaway ita ce ta fi kowa sanya taushin. An haife ta a Landan a 1846, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a ƙauyen Rolleston, kuma ƙauyen ne ya zauna mata a rai. Yaran da take zanawa masu tsabta ne, masu natsuwa, cikin lambu, sanye da tufafin zamanin kakanninsu. Littafinta *Mother Goose* na 1881 ya ɗauki waƙoƙin titi ya zaunar da su cikin furanni. Mutane sun so abin har kantin Liberty na Landan ya riƙa ɗinka wa yara kaya irin na hotunanta. A daidai wannan lokacin dubban yara a biranen Ingila suna zaune a unguwanni masu cunkoso da hayaƙi, wasunsu suna aikin ƙarfi. Abin da Greenaway ta zana shi ne ƙuruciyar da iyaye masu matsakaicin hali suke fata, su ne kuma masu sayen littafin. Amurka ta bi wannan sawu da *The Real Mother Goose* na 1916, mai zanen Blanche Fisher Wright, wanda har yanzu ana sake buga shi.

Don haka idan aka ce tsohon littafin waƙoƙi yana koyar da ladabi da tsabta da zaman lafiya, gaskiya ne, amma mai zane ne yake koyarwar, da yadda ya tsayar da yaro a shafi, da yadda ya sa babba ya riƙe hannun ƙarami.

Batun ɓoyayyar ma'ana

Mafi shaharar iƙirari shi ne waƙar zoben furanni, wadda yara suke kama hannu su yi da'ira su zube ƙasa, wai labarin annobar da ta auka wa Landan ce a 1665. Ana cewa zoben shi ne ƙurjin cutar, atishawa alamarta, zubewa kuma mutuwa. Masu binciken adabin baka ba su karɓi wannan ba, kuma hujjojinsu masu sauƙin dubawa ne. Waƙar ba ta bayyana a bugun Ingila ba sai a littafin Greenaway na 1881, shekara 216 bayan annobar. A wannan bugun ma babu atishawa. Fassarar annobar kanta ba a fara jin ta ba sai tsakiyar ƙarni na 20.

Humpty Dumpty, wanda ya faɗo daga katanga aka kasa haɗa shi, ana cewa wai igwa ce ta zamanin yaƙin basasar Ingila. Babu takardar tarihi da ta nuna haka. Abin da ya fi ƙarfi shi ne kacici-kacici ne, amsarsa ƙwai, kamar yadda ake cewa ɗakin saurayi babu ƙofa. Da mai zane John Tenniel ya zana shi a siffar ƙwai a littafin Carroll na 1871, sauran masu zane suka bi, sai amsar ta koma kan shafi, wasan ya mutu. Nan ma hoto ne ya sauya waƙa.

Da yawa daga irin waɗannan fassarori sun bazu ne daga littafin Katherine Elwes Thomas na 1930, wadda ta yi ƙoƙarin samo sarki ko sarauniya a bayan kusan kowace waƙa. Ita ce ta danganta baƙar tunkiya da harajin ulu na 1275. Danganta waƙar da cinikin bayi ya zo daga baya, kuma ba a samu shaidar tarihi da ta goyi bayansa ba. Ba a musun cewa wasu waƙoƙin sun taɓa ɗaukar habaicin siyasa, tunda daga bakin manya suka fito. Abin da masu bincike suke nema shi ne shaida daga zamanin da ake magana, kuma a yawancin labaran da ke yawo a intanet babu ita.

Inda ƙorafin yake da tushe

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar tono, domin a fili yake. Waƙar ƙirge ta yara goma da suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ta fito a Amurka a 1868 a kan 'yan asalin ƙasar, a 1869 aka juya ta a Ingila ta koma kan baƙar fata, da kalmar cin mutunci a takenta. An buga ta a littattafan yara da hotuna masu muzanta siffar baƙin mutum. Littafin marubuciya Agatha Christie na 1939 da wannan take ya fara fita kafin a sauya masa suna. Wata waƙar da yara suke zaɓen wanda zai fita a wasa ita ma ta daɗe da wannan kalmar kafin a maye gurbinta da damisa. Waɗannan littattafai sun fito ne a zamanin da daular Birtaniya take faɗaɗa a Afirka, kuma kallon da ake yi wa baƙar fata a lokacin ya shiga ɗakin reno. Mai sayen tsohon bugu zai iya cin karo da su a tsakanin hotunan furanni.

Masu cewa a gyara da masu cewa a bari

Muhawarar ta girmi intanet. Tun ƙarni na 19 marubucin Amurka Samuel Goodrich yake sukar waƙoƙin da cewa shirme ne da ba ya amfanar yaro. A farkon shekarun 1950 wani ɗan Ingila, Geoffrey Handley-Taylor, ya bi waƙoƙi 200 yana ƙirga kisa da duka da sata a ciki, ya nemi a yi gyara. Masu wannan ra'ayi a yau suna cewa ɗan shekara uku ba ya rarrabe wasa da gaske, kuma tunda waƙoƙin baka ne da suke sauyawa tun asali, sauya su yanzu ba sabon abu ba ne. Shi ya sa a wasu sababbin bugu tsohuwar cikin takalmi sumbatar 'ya'yanta take yi.

Ɗaya ɓangaren yana cewa yaro yana buƙatar ya haɗu da tsoro kaɗan a wurin da yake da aminci, a cinyar uwarsa, kuma faɗuwar Humpty Dumpty ba ta taɓa sa wani yaro mugunta ba. Suna ƙara da cewa gyaran da ba a sanar ba yana ɓoye tarihi, mai karatu ya ɗauka zamanin da ya wuce ya fi yadda yake tsabta. A rikicin Dahl matsayar da aka tsaya a kai ita ce a buga duka biyu, gyararre da na asali. A kan kalmomin wariyar launi kuwa kusan babu saɓani: ɓangarorin biyu sun yarda wurinsu ɗakin adana tarihi ne.

Abin da ya shafi iyaye da malamai

Hujjar da makarantu suka fi kafawa ita ce waƙa tana taimaka wa karatu. Tana da tushe. A ƙarshen shekarun 1980 Peter Bryant da Lynette Bradley da abokan aikinsu a Oxford sun bi yara sittin da 'yan kai tun suna shekara uku, suka ga waɗanda suka fi sanin waƙoƙin sun fi saurin gane kalmomi masu amo ɗaya, daga baya kuma sun fi saurin iya karatu. Sai dai yaran nan da Turanci suka tashi. Amfanin yana zuwa ne daga wasa da sautin harshen da yaro yake ji yana fahimta. Yaron da yake rera baitin da bai san ma'anar ko kalma ɗaya a ciki ba yana samun kari da nishaɗi da sabon sauti, amma darasin tausayin ɗan rago ba zai isa gare shi ba sai malama ta tsaya ta warware masa da harshen gida.

Akwai kuma abin da ke cikin waƙoƙin na ƙasarsu. Yaron Ingila yana rera wa ruwan sama cewa ya tafi ya dawo wata rana, domin ya hana shi wasa. A Katsina ko Maraɗi, inda ake fita roƙon ruwa idan damina ta yi jinkiri, baitin yana faɗin akasin abin da yaro yake ji a gida. Alade da giya da Kirsimeti da ƙararrawar coci suna fitowa a waƙoƙi da dama, kuma gidaje sun bambanta a kan yadda suke kallon haka. Malamin da ya karanta waƙar har ƙarshe kafin ya kai ta aji shi ne zai iya zaɓa da sani.

Ta fuskar kuɗi, tsofaffin hotunan sun fita daga haƙƙin mallaka, tunda Caldecott ya rasu a 1886, Greenaway a 1901, Crane a 1915. Ana samun littattafansu kyauta a rumbunan intanet irin su Project Gutenberg da Internet Archive, kuma kowane mai ɗab'i yana iya sake buga su. Wannan ne ya sa suka cika kasuwa da araha, ya kuma sa ingancinsu ya bambanta: wani bugun an tace shi, wani an kwafo shi yadda yake a 1890 da duk abin da ke ciki, kuma bangon littafi ba ya faɗa. Waƙoƙin reno da na gaɗa da na dandali na Hausa sun samu masu tattarawa, irin su Ibrahim Yaro Yahaya a jerin littattafansa na *Tatsuniyoyi da Wasanni*, amma littafi mai launi da aka yi wa ɗan shekara uku, baiti ɗaya a shafi da hoton da ke ƙara masa labari, yana buƙatar mai zane da mai ɗab'i da za su zuba kuɗi tun daga farko, alhali na Landan an riga an zana shi, kuma ba a biyan kowa ko kwabo kafin a sake buga shi.